Bayani a kan tsayin ƙahon babur, domin masu shago da dillalai da masu doguwar tafiya

 

Zuwa ga 'yan uwanmu 'yan kasuwa na birnin Katsina da kewaye, masu shagunan kayan babur, da dillalai, da makanikai, da masu cin kasuwannin ƙauye a kan mashin. 

Bayaninmu na yau a kan kan babur yake, watau ƙarfen nan da mahayi yake riƙewa da hannu biyu yana tuƙi. Waɗansu suna ce mashi ƙaho, don ya yi kama da ƙahon sa, kuma da wannan suna za mu riƙa kiransa a nan don kada magana ta rikice. Mutum yakan zo shago ya ce, "Alhaji, ba ni dogon kai, bayana ya dame ni." Mai shago ya miƙo wanda ya fi tsawo a rataye, a yi ciniki, a rabu. Bayan kwana bakwai sai ga shi ya dawo, kafaɗa tana ciwo, wayar kuloci ta tsinke, yana neman a maido mashi kuɗinsa. To, wannan rigima ana iya kashe ta tun ba ta taso ba, in mai sayarwa ya san awo. Shi ya sa muka kasa bayanin fasali-fasali, don a karanta a kuma karanta ma wanda bai samu gani ba.

Fasali na ɗaya: inda dogon ƙaho ya samo asali

Baburan da suka cika garin nan tun shekarun 1970, irin su Honda Benly da Roadmaster da CG125 wanda aka fara yi a 1975, da Suzuki da Yamaha masu lamba 100, duk da matsakaicin ƙaho suka zo. Hakanan na bayansu, Jincheng da Haojue na Sin, da Boxer da TVS na Indiya, da Honda Ace. Masu ƙera su sun auna ne a kan mutum matsakaici, ba dogo ba, ba gajere ba.

Shi kau dogon ƙaho na gaske, al'adar mutanen Amurka ce, masu hawan manyan babura irin Harley-Davidson. Wani fim da aka yi a 1969 mai suna Easy Rider ya ƙara yaɗa shi a duniya. Su da kansu laƙabin da suke yi mashi ma'anarsa maratayar biri, domin mai riƙe da shi kamar biri ne ya kama reshe. Ana yin sa inci 10, da 12, da 14, da 16, har sama da haka. Amma ku lura, a can ma ba sake aka yi ba. Waɗansu jihohinsu doka ta hana hannun mahayi ya wuce kafaɗarsa, waɗansu sun ƙayyade inci 15 bisa sirdi, jihar Kalifoniya kuma ta ce kada hannu ya wuce kafaɗa da fiye da inci 6. In masu abin sun sa mashi iyaka, ai mu da muka gani a hoto mun fi cancanta mu yi hattara.

A nan ƙasarmu dalili uku ke sa a nemi dogo. Na farko ciwon baya da wuya ga mai doguwar tafiya, musamman dogon mutum. Na biyu kaya, domin ɗan kasuwa yakan aza buhu ko kwali ko jarka bisa tanki, yana so ƙaho ya wuce ta samansa in zai juya. Na uku ado, irin na samari. Kowane dalili da tsayin da ya dace da shi, saboda haka tambaya ta farko ga mai saye ita ce, "Malam, me kake so ya yi maka?"

Fasali na biyu: awo huɗu da mai shago zai riƙe

Na farko kauri. Ƙananan baburan Japan da Sin da Indiya kusan dukkansu ƙahonsu milimita 22 ne, watau kashi bakwai cikin takwas na inci. Na Harley-Davidson da irinsa inci 1 ne cif, watau milimita 25 da ɗoriya. Akwai kuma masu kaurin ciki na baburan daji, milimita 28 da ɗoriya a tsakiya, bakinsu kuma 22. Bambancin milimita uku ido ba ya kama shi daga nesa, amma mariƙin totur na 22 ba ya shiga ƙaho mai inci 1, kuma maɗaurin inci 1 ba ya kama ƙaho mai 22. Wanda ya cusa gwangwani ko robar taya don ya cike giɓin, ya ɗana ma kansa tarko ne.

Na biyu tsayi, watau daga inda aka ɗaure shi bisa wuyan babur zuwa inda hannu yake kamawa. Inci 1 santimita 2 da rabi ne da ɗan kai. Inci 2 kamar faɗin yatsu uku ne na babban mutum. Inci 12 santimita 30 ne, inci 16 kuma ya kusa kamu guda.

Na uku faɗi, daga wannan baki zuwa wancan. Na ƙananan babura yawanci kimanin inci 30 ne. Wanda gidansa yake cikin lungunan Masanawa ko Gambarawa ko Unguwar Alkali, ya auna ƙofar zaurensa kafin ya sayi mai faɗi, don kada ya wayi gari babur yana kwana waje. Hakanan mai ratsa cunkoson babbar kasuwa ko 'Yar Kutungu.

Na huɗu lanƙwasa, watau yadda bakin ƙahon ya karyo baya wajen mahayi. Wannan shi ne awon da aka fi mantawa, alhali shi ke gyara zaman wuyan hannu. Sau da yawa mai kukan ciwon baya ba tsayi yake buƙata ba, ƙaho ne ya yi mashi nisa yana miƙa. In aka kwance notin maɗauri aka ɗan juyo ƙahon baya kaɗan aka sake ɗaurewa, sai ciwon ya tafi ba a kashe ko kwabo ba. Mai shagon da ya faɗi wannan gaskiya ya rasa cinikin yini ɗaya, amma ya sami abokin ciniki na shekaru.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani. Shokozoban gaba ba a tsaye suke sak ba, sun kwanto baya. Saboda haka in aka ɗaga ƙaho inci 2 bisa layinsu, hannu zai matso wajen ƙirji da kusan inci 1 ko ba a nema ba. A sa wannan cikin lissafi.

Fasali na uku: abin da tsayi yake yi ma jiki

Zaman da ya dace shi ne baya a miƙe ba tare da ƙoƙari ba, kafaɗa a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, wuyan hannu a miƙe daidai da damtse, tafin hannu kuma ƙasa da kafaɗa. Iyakar da muke ba kowa ita ce kafaɗa. Tsakanin cibiya da ƙirji nan ne wurin hutu ga mafi yawan mutane.

In ƙaho ya yi ƙasa ƙwarai, mahayi zai duƙa, nauyinsa ya sauka a kan wuyan hannu, ya kuma ɗaga kai don ya ga hanya, sai wuya da ƙugu su ɗauki wahala. Dogon mutum a kan ƙaramin babur shi ya fi sanin wannan.

In kuma ya wuce kafaɗa, wahalar ta sake wuri ne kawai. Kowa ya gwada riƙe fitila sama da kansa na minti biyar ya san yadda hannu yake mutuwa. Jini yana wahalar hawa, jijiyoyin kafaɗa suna matsewa, sai yatsu su fara tsami, daga nan su daina ji. To, yatsun nan su ne masu jan birki da kuloci. A cikin gari, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura, mutum ba zai ji komi ba, har ya ce ya dace. Amma Katsina zuwa Jibiya kimanin kilomita 45 ne, zuwa Daura kimanin 80, zuwa Kano kimanin 170. Nan ne ƙaho yake faɗin gaskiyarsa.

Har wa yau, mai dogon ƙaho yana zaune ne tsaye kyam, ko ma ya ɗan jingina baya, nauyinsa duka bisa ƙashin gindi. Duk ramin da tayar baya ta faɗa, bugun zai hau ta ƙashin baya kai tsaye. Wanda ya ɗan karkata gaba kaɗan kuwa, ƙafafunsa da cinyoyinsa suna raba mashi bugun. Ashe ke nan wanda ya sayi dogo ƙwarai don maganin ciwon baya, yana iya ƙara ma kansa ne.

Kada kuma a manta da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, mai sammako zuwa kasuwar Mai'aduwa ko Jibiya ko Caranci ranar Lahadi, in hannunsa yana sama, iska ta hannun riga za ta shiga har hammata. Hannu mai sanyi ba ya saurin kama birki.

Fasali na huɗu: abin da tsayi yake yi ma tuƙi

Sha'anin iska yana da ƙa'ida. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin iska bisa ƙirji yakan ninka huɗu. Watau abin da kake ji a gudun kilomita 40, sau huɗunsa za ka ji a 80. Mai hannu sama ya buɗe ƙirji, in kuma da babbar riga ya zama kamar tabarma a kan igiyar shanya. Dole ya riƙe ƙaho da ƙarfi don kada iska ta tura shi baya, sai gajiya ta zo da wuri, injin kuma ya ƙara shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ba sai mun gaya ma kowa darajar lita guda ba. Manyan baburan tafiya na Turai da Amurka suna da gilashi a gaba mai tare iska, namu kau babu.

Sai birki. In abu ya gitta, akuya ko yaro, aka damƙe birki, jiki gaba yake tafiya. Mai gwiwar hannu a lanƙwashe yana iya tokarewa. Mai hannu sama kuwa nauyinsa a kan ƙololuwar ƙaho zai sauka. Ku tuna yadda makaniki yake sa ma sufana bututu in noti ya ƙi kwancewa: tsawo ƙarfi ne. In tsayin ƙaho ya ninka biyu, ƙarfin da yake murɗa shi a maɗauri ya ninka biyu. Shi ya sa dogon ƙaho yakan kife gaba cikin maɗaurinsa lokacin birki mai tsanani ko faɗawa rami, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Sai yashi da gargada. Wanda yake bin hanyoyin ƙauye wajen Kaita da Ɗankama da Mashi, ko ya sauka daga kwalta ya bi burtali, ya san tayar gaba takan yi rawa a cikin rairayi. A nan ƙarin inci 1 ko 2 yana taimako, domin mahayi yana iya ɗaga gindi daga sirdi ya tsaya bisa matakan ƙafa ba tare da ya duƙa ƙwarai ba. Amma in hannu ya kai kafaɗa ko ya wuce, ƙarfin damtse ba ya aiki, yashi ya fizge ƙaho mutum yana kallo.

Sai juyawa a wuri matsattse. In aka karya kai har ƙarshe, hannun waje yana yin nisa, na ciki yana matsowa. Gajeren mutum a kan dogo mai faɗi sai ya saki hannu ɗaya ko ya zame daga sirdi. In hannun da ya yi nisa na dama ne, yana iya murɗa totur bai sani ba.

Ga masu ɗora kaya bisa tanki kuma, muna cewa ƙarin inci 2 ya isa ƙaramin buhu ko jaka. Kayan da sai an sa inci 10 kafin ƙaho ya wuce su, sun riga sun tare ma mahayi gani, wurinsu kariya ce ta baya, ko a ba mai kurkura.

Fasali na biyar: yadda ake awo a bakin shago

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Kuma zuwa da kai ya fi saƙo: kada maigida ya aiko yaro ya ce a ba shi dogo, domin hannun yaro ba hannun maigida ba ne. Shi mai hawan ya zo da babur ɗinsa.

A kafe babur bisa ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai. A ce mashi, "Alhaji, bismillah, hau ka zauna yadda kake zama in ka yi nisa, ba yadda kake zama in ana kallonka ba." Ya ɗora ƙafafu bisa mataki. Ya rufe ido, ya saki kafaɗa, ya ɗaga hannu biyu inda ya ji daɗi kamar yana riƙe da ƙaho, gwiwar hannu a lanƙwashe. Ya tsaya haka. Yaron shago ya ɗauko tef na tela ya auna uku: daga tsohon mariƙi zuwa sabon wurin hannu sama nawa ne, baya nawa ne, sa'an nan tsakanin hannu da hannu nawa ne. A maimaita sau uku, a ɗauki na tsakiya.

In an yi haka za a ga yawancin mutane abin da suke nema bai wuce inci 1 zuwa 3 ba bisa na asali. In awon mutum ya faɗa tsakanin ƙaho biyu, a ba shi gajeren. Gajere ana iya ɗaga shi da ɗan ƙarfen ƙari a ƙarƙashin maɗauri, dogo kuwa ba ya rage tsawo sai an sake saye.

Wanda yake ɗaukar fasinja, irin 'yan kabu-kabu, ko mai goyon iyali, a auna shi da mutum a bayansa, domin goyo yana tura mahayi gaba, ƙaho ya matso mashi. Babur ɗin da mutum biyu suke hawa, uba da ɗa ko maigida da yaronsa, a bi awon gajeren cikinsu.

Fasali na shida: wayoyi, da lissafin kuɗin gaskiya

Nan ne ake yawan samun saɓani. Kuɗin ƙaho ba shi ne kuɗin aiki ba. Abubuwa huɗu suke bin ƙaho: wayar totur, wayar kuloci, wayar birkin gaba ko tiyon mai in birkin faranti ne, da wayoyin wuta na fitila da oda da sigina. Kamfani ya yanke su daidai tsayin asali da ɗan rara kaɗan. Ƙarin inci 1 ko 2 sau da yawa rarar tana ɗauka, wani lokaci sai makaniki ya sake ma wayar hanya. Abin da ya wuce haka sai an sake wayoyi, kuma dogaye ba a kowane shago ake samu ba. Saboda haka mai shago ya faɗi jimla tun farko: ƙaho, wayoyi, robar mariƙi, da ladan makaniki. Wanda ya faɗi kuɗin ƙaho kaɗai don ya ja ciniki, sa'an nan sauran suka biyo baya, shi za a kira macuci ko da bai yi niyya ba.

Ku sani kuma kayan nan daga waje suke zuwa, ta tashar jirgin ruwa ta Legas, su bi ta hannun manyan 'yan kasuwar Nnewi ta jihar Anambra da na Kano kafin su iso mu. Farashinsu da canjin dala yake tafiya. Kada a yanka ma mutum kuɗin dogayen wayoyi sai an tabbatar suna hannu.

Bayan an ɗaura, ga gwajin da ba a tsallakewa. A tada injin, a bar shi yana aiki a hankali, a karya kai dama har ƙarshe, a karya hagu har ƙarshe. In ƙarar injin ta tashi da kanta, wayar totur ta ɗame, kada a hau. A murɗa totur a saki, lalle ya koma da kansa nan take ta kowane gefe. Littafin Honda yana ba totur wasa na milimita 2 zuwa 6, hannun kuloci kuma milimita 10 zuwa 20 a bakinsa. In wasan kuloci ya ɓace sa'ad da aka karya kai, faranti zai riƙa zamewa ya ƙone. A danne bayan babur tayar gaba ta tashi sama, a duba wayar birki ko tana da sauran rara in shokozoba ya miƙe duka. In babu, wata rana a kan tudu birki zai kama kansa ko waya ta tsinke. A duba ƙaho ba ya bugun tanki, ba ya matse babban yatsa. A gyara hannun birki da na kuloci su bi layin damtse, a gyara madubi. Waya biyu da aka haɗa da ƙulli ko dalma don ta yi tsawo, wannan ba gyara ba ne, a jefar. Sa'an nan bayan tafiyar kwana biyu ya dawo a sake ɗaure notin maɗauri.

Fasali na bakwai: gane mai kyau da na banza

Araha ba ta ado. A leƙa bakin bututun a ga kaurin naman ƙarfen, mai kyau yana kai milimita 2 ko kusa da haka. A ɗaga biyu a hannu, mai nauyi ya fi. A duba tsakiya inda maɗauri yake kamawa, mai kyau an yi mashi zane kamar haƙoran magagari don kada ya juya. A duba gwiwoyin lanƙwasa, in sun tattare ko sun baje, bututun sirara ne. A aza shi ƙasa bisa siminti a ga ko gefe biyu sun yi daidai. A duba ramukan da maɓallan wuta suke zama, in babu sai makaniki ya huda, kada a karya ɗan haƙorin maɓalli don a huta, domin mariƙin totur zai riƙa juyawa da gidansa.

Mafi haɗari shi ne wanda mai walda ya yanke ya ƙara ma bututu, ko ya lanƙwasa daga ƙarfen kujera ko na gado. Ƙaho yana shan girgiza dare da rana, dogo kuma ya fi gajere girgiza, sai tsagewa ta fara a gefen walda ƙarƙashin fenti inda ba a gani. Ba ya yin sallama ranar da zai karye. Hakanan wanda ya lanƙwashe a hatsari aka gasa shi da wuta aka miƙar. Na alminiyam ma ba a miƙar da shi sam, in ya lanƙwashe ya gama aiki.

Shawararmu ga mai sari ita ce ya cika shago da na asali da mai ƙarin inci 2, domin su ke tafiya. Dogaye ƙwarai ya ajiye kaɗan, kowane da wayoyinsa a ɗaure tare, kada jari ya kwanta a bango yana tsatsa.

Fasali na takwas: nasiha ga dillalai

Babur na hannu da aka sake ma ƙaho yana buƙatar ido biyu. Tsohon babur da sabon ƙaho fil, a tambayi dalili, domin ƙaho shi ne farkon abin da yake lanƙwashewa in an faɗi. A tsaya gaban babur, a matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi, a duba ko ƙaho ya yi daidai da taya. A duba ƙarfen da yake tare kai in an karya shi, ko ya karye ko an yi mashi walda. A ɗaga gaba a juya kai a hankali, in yana sarƙewa a tsakiya ƙwallayen wuya sun lalace. A duba tanki ko yana da lotsawa daidai inda ƙaho zai buga.

Wajen kuɗi kuma, dogon ƙaho ba ya ƙara ma babur daraja. Masu sonsa kaɗan ne, masu son na asali su ne kasuwa. Mai saye mai wayo zai cire kuɗin maido da shi daga tayinsa. Saboda haka duk wanda ya sake ƙaho ya adana na asalin da wayoyinsa, ranar sayarwa za su yi mashi rana.

A rubuta komi a rasit: lambar injin, lambar jiki, da abin da aka sake. Ba mu manta ba a ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Caranci saboda matsalar tsaro, dillalai da yawa suka zauna ba sana'a. Sana'ar da ake sa ma ido irin haka, takarda mai kyau ita ce garkuwar mai ita.

Sa'an nan ku ji tsoron Allah wajen aibi. Malamanmu suna karantar da mu a Risala, babin ciniki, cewa algus da ɓoye aibin kaya ba su halatta, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye mashi yana da ikon maidowa. Ƙaho mai walda da aka shafe da fenti aibi ne, waya mai ƙulli aibi ce. La'adar yini ɗaya ba ta kai ran mutum ba, ba ta kai sunan da dillali ya shekara ashirin yana ginawa ba.

Abin da za a riƙe a taƙaice: a tambayi dalili, a auna mai hawa da kansa, kada hannu ya wuce kafaɗa, a faɗi kuɗi duka tun farko, a yi gwajin karya kai da injin a kunne. Mai doguwar tafiya kuma ya sa hular kwano, ya tsaya ya miƙe ƙafa bayan kowace awa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Haza wassalam.